Yarinyar da Na Tsallake

Ɗinki nake yi a cikin gida, a nan Daura, tun ina amarya. Kekena yana ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Mata su shigo da atamfa da leshi, yara su kawo saƙo su tsaya suna kallon ƙafata tana taka keke har sai an aiko kiransu. Maigidana, Alhaji, fataucin dabbobi yake yi, yau yana kasuwar Mai'aduwa, gobe ya haura Kwangwalam ya sayo raguna. Allah bai ba mu haihuwa ba. Mun nema iya nema, na asibiti da na gargajiya, har muka haƙura muka bar wa Allah.

Cikin masu kawo mini ɗinki akwai wata da muke ce wa Malama, don ta daɗe tana koyarwa a firamare kafin ta ajiye aiki. Ita ce ta fara yi mini maganar ƙungiyarsu ta tallafa wa marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi. Ta ce ba raba yaro suke yi da danginsa ba. Mutum zai ɗauki nauyin yaro ɗaya, duk wata ya ba ƙungiya abin da ya sawwaƙa, su kuma su saya masa kayan makaranta da littattafai da ɗan hatsi, in ya yi ciwo su kai shi asibiti. Ta zaro waya tana nuna mini hotunan yara. Can na ga wata yarinya cikin hijabin da ya yi mata yawa, ta ɗaure fuska tamau saboda rana tana dukan idonta. Na yi dariya na ce wannan ai da mai hoton take faɗa. Malama ta ce uban yarinyar ya rasu, uwar ta yi aure a ƙetaren iyaka, tana hannun kakarta a wani ƙauye can bayan Sandamu. Na ce to, ita na ɗauka.

Da Alhaji ya dawo na faɗa masa. Ya ce aikin lada ne, Allah ya karɓa.

Da farko ban san ta ba sai a hoto. Malama takan zo ta ce yarinyarki ta iya haɗa baƙi, ko yarinyarki ta yi faɗa da wani yaro ta yaga masa riga. Wannan kalma ta "yarinyarki" ita ta riƙa shiga raina. Na matsa wa Malama sai ta kai ni na gan ta. Ta ce ƙungiya ba ta cika son haka ba, amma ba ta hana ba, in dai da wakilinsu za a je.

Muka je ana saura kwanaki kaɗan azumi. Gida ne na kara, ɗaki biyu na ƙasa, da rumbu ɗaya wanda na lura babu komai cikinsa sai kaji da suke kwana. Kakar, wadda suke kira Inna, tsohuwa ce siririya mai yawan godiya, ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo fura. Yarinyar ta laɓe bayan rumbu tana leƙenmu, sai da na fito da alewa ta matso. Na ce zan ɗinka mata kayan salla, na ciro tef daga jaka na auna ta: tsawo, kafaɗa, hannu, ƙugu. Tana ta ƙyalƙyala dariya don tef ɗin yana yi mata cakulkuli. Matan maƙwabta sun shigo suna kallo. Na ga rigar makarantarta a kan danga ta yage a hammata, na ce a ba ni in tafi da ita in gyara. Da za mu tafi na shafa kanta na ce, "In an yi hutu zan zo in ɗauke ki, ki ga Daura, ki ga kekena." Tun daga ranar take ce mini Gwaggo mai keke.

Na aika mata da kayan salla ta hannun Malama. Rigar makarantar kuwa aiki ya yi mini yawa, na sa ta cikin kwandon ƙyallaye na manta.

Damina ta yi nisa, gero ya fi tsawon mutum, wata safiya ina yanka wani yadi sai ga Malama ta shigo ba ta ko ƙarasa sallama ba. Ta zauna a bakin tabarma, ta ce in sallami yaran da ke tsakar gida. Na sallame su.

"Hajiya, yarinyar nan ba ta da lafiya," in ji ta. "Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, yanzu har tana fizge-fizge."

Na miƙe ina neman mayafi. Na ce mu je mu ɗauko ta.

"Zauna tukuna. Na aika ɗan ƙungiyarmu da babur tun jiya, sun hana shi ita."

"Sun hana? Don me?"

Ta murza gefen hijabinta. Sannan ta ce, "Tana sambatu. Ke take kira. Tana cewa ga Gwaggo mai keke can a bakin ƙofa, ta ce in zo mu tafi."

Ban gane ba nan take. Har na ji wani irin tausayi, na ce Allah sarki, alkawarin da na yi mata ne take tunawa. Sai da na dubi idon Malama sannan maganar ta sauka a kaina. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake cewa in mara lafiya ya kama sunan wani cikin zafin ciwo. Almakashin da ke hannuna ya faɗi ƙasa.

Malama ta ce ƙanen mahaifin yarinyar, wanda yake noma a ƙauyen, shi ne ya tsaya kan maganar. Wai matan maƙwabta sun ce da idonsu suka ga na auna ta tun daga kai har ƙafa kamar mai awon likkafani, na shafa kanta, na tafi da rigar jikinta ban mayar ba. Wai kuma an bincika an ji ban taɓa haihuwa ba, to me ya kai ni neman 'yar mutane a ƙauyen da ba ni da kowa? Sun ce mayya ce ni, na kama kurwarta. Sun ce asibiti ba ya maganin wannan. Sai na zo na tsallake ta da ƙafata, in ba haka ba duk abin da ya same ta a wuyana yake.

Na shiga ɗaki na zazzage kwandon ƙyallaye. Ga rigar nan a ƙasa, yagar hammatar tana nan yadda take. Na riƙe ta, na rasa inda zan sa ta.

Na kira Alhaji a waya. Allah ya sa ranar bai tafi kasuwa ba, yana wajen wani mai awaki a bakin gari. Ya dawo ya saurari Malama har ta gama, fuskarsa ta canza.

"Ba inda za ki je," ya ce. "Kin san abin da taron ƙauye yake yi wa wanda aka ɗora wa wannan suna? Mu kai magana wurin hukuma, su je su ɗauko ta."

Malama ta ce ta yi tunanin haka. Amma kafin a rubuta, a kai, a tashi mota, yini ya wuce, kuma in suka ji ana zuwa da 'yan sanda za su iya ɗauke yarinyar su kai ta wani ƙauye wurin mai magani. Ta ce irin fizgar da aka kwatanta mata, ba ciwon da zai jira gobe ba ne.

Alhaji ya juyo gare ni. "Ki saurare ni da kyau. In kika tsallake ta ta warke, sun ce ke ce kika sake ta. In kika tsallake ta ta mutu, sun ce kin riga kin cinye. In kika ƙi, sun ce kin ƙi saki. Babu ta inda za ki fita. Kuma wannan suna ba a wanke shi."

Na san gaskiya ya faɗa. A unguwarmu ta ƙuruciya akwai wata tsohuwa da aka taɓa yi wa wannan ƙazafi. Har ta mutu ba mai cin abincin gidanta, jikokinta mata sai can nesa suka sami mazan aure. Mu kanmu da muna yara in mun hango ta sai mu ruga muna tofe-tofe. Ita ce ta tsaya mini a ido a lokacin.

Na ce, "Alhaji, in ta mutu ina zaune a nan fa?"

Ya fita, can sai na ji ya tayar da motar da yake ɗaukar raguna.

Muka kama hanya. Ina tsakiya, Malama tana gefen ƙofa tana jan carbi. Da muka bar kwalta bayan Sandamu muka shiga burji, gero ya rufe hanya hagu da dama, ba ka ganin komai sai kara da sama. Ina ta tunanin in wani abu ya faru, ta ina mutum zai gudu a nan? Motar ta kafe cikin yashi sau ɗaya, Alhaji ya fita ya tono tayar da hannu. A raina na ji ina fatan kada ta fita. Ta fita.

Tun daga bakin ƙauyen yara suka gan mu suka ruga suna ihu, "Ta zo! Ta zo!" Kafin mu tsaya ƙofar gidan ta cika. Maza a tsaye, wasu da fartanya a kafaɗa don daga gona suka taso, wasu da sanda. Ban san ko don ni suka riƙo ba, ko kuwa abin hannunsu ne na kullum, amma idona a kan sandunan nan yake. Mata suna leƙe ta saman danga. Da na sauko wata ta fizge ɗanta ta tura shi bayanta, na ji ta ce, "Kurwarsa kur." Wata da ta sha fura tare da mu a zuwan farko ta kawar da kai.

Alhaji ya yi sallama da ƙarfi. Mutum biyu ko uku suka amsa can ƙasa-ƙasa. Ya tambayi ina liman, ya ce ba za mu shiga ba sai an kira shi. Aka tafi kiransa, muka tsaya a rana. Ba wanda ya ce mu matsa inuwa. Ina jin numfashin mutane a bayana, ina jin ana raɗa, wani yana cewa a duba idonta, ai ga shi nan ja. Idona kuwa kuka ne ya sa shi ja.

Liman ya zo, dattijo ne mai farin gemu, yana dogara sanda. Shi kaɗai ya gaishe ni yadda ake gaisawa. Ya shige gaba muka bi shi.

Tana kwance kan tabarma a ƙofar ɗakin kakarta. Da ban san ita ce ba da ban gane ta ba. Idonta ya juye sai fari, leɓenta ya tsattsage, an shafe mata jiki da wani jiƙo mai wari, an ɗaura mata laya a wuya. Tafin hannunta fari fat kamar ba jini. Baffan nata yana tsaye a kanta, matashi ne, idonsa ya faɗa, da gani ya kwana biyu bai yi barci ba.

"Ga ta nan," ya ce da ni. "Ki sake ta. Ita kaɗai yayana ya bari."

Da ƙyar na ce, "Wallahi ban san komai a kan abin da kuke faɗa ba. Ni taimako na yi niyya."

"Ina rigarta?"

Na zaro ta daga jaka na miƙa. Sai na ji tsakar gidan ta ɗauki guna-guni, wata ta yi salati da ƙarfi. Na gane kawo rigar bai wanke ni ba, tabbatar musu da maganarsu ya yi.

Liman ya ɗaga hannu. Ya ce su ji tsoron Allah, zato zunubi ne, yaro in zazzaɓi ya hau masa kai ko sunan uwarsa yana iya kira. Ya ce baiwar Allahn nan da ƙafarta ta zo, mai mugun nufi ba ya zuwa. Baffan ya ce, "Allah gafarta Malam, ba raina maganarka na yi ba. Amma in ba ita ba ce, me zai rage ta in ta tsallake?" Daga waje wani ya ɗaga murya ya ce ai ba da zane ake tsallakawa ba, sai ta tuɓe. Alhaji ya juya kamar zai yi kansa, Malama ta riƙe masa hannun riga. Liman ya buga sandarsa a ƙasa ya ce muddin yana numfashi ba za a tuɓe matar aure a garin nan ba, wanda ya sake faɗa ya fita.

Ana cikin haka yarinyar ta sake fizgewa. Bayanta ya lanƙwashe, haƙoranta suka datse, kumfa tana fita ta gefen baki. Kakar ta rarrafo ta kama ƙafata. Ba ta ɗaga murya ba, ni kaɗai na ji ta.

"'Yar nan, ni ban ce ke ce ba. Wallahi ban ce ba. Amma ba za su bari a fita da ita ba. Ki tsallake ta, don Allah, ko don su bari."

Na dubi Alhaji. Ya girgiza kai a hankali. Na dubi yarinyar.

Na ce da baffan, "Zan tsallake. Amma ka yi rantsuwa gaban Malam, ina sauke ƙafa za a sa ta a mota, da kai da Inna, mu tafi asibiti."

Ya rantse.

Na tuɓe takalmi. Na tattare zanena kaɗan, na ce bismillahi a fili don kowa ya ji, na ɗaga ƙafa na tsallake ta. Zafin jikinta ya bugi ƙafata kamar na tsallake murhu. Suka ce in sake, na sake, har sau uku. Ba abin da ya faru. Fizgar ta lafa don kanta kamar yadda ta saba lafawa, amma na ji wata mata a bayan danga ta ce, "Kun gani ko? Ta saki."

A bayan mota muka shimfiɗa tabarma inda ake ɗaure raguna. Kakar ba ta da ƙarfin riƙe ta in ta fizge, baffan kuma yana riƙe da ƙarfen mota yana kare su daga faɗuwa, don haka a cinyata kanta ya kwanta. Wannan tafiya ita ce abin da ya fi komai tsorata ni a rayuwata, har ta fi taron ƙofar gida. Duk ramin da muka faɗa sai kanta ya yi lilo. Na sa yatsa a ƙasan hancinta ina jin numfashi, wani lokaci ya ɓace sai na ce shi ke nan, can kuma ya dawo. Baffan bai ɗauke idonsa daga hannuna ba. Na san in ranta ya fita a cinyata, a motar mijina, babu rantsuwar da za ta fitar da ni. Ina roƙon Allah ya raya ta, kuma har yau ban iya rabe nawa ne na roƙa dominta, nawa ne domin kaina.

Muka isa asibiti a Daura da la'asar. Ma'aikatan suka karɓe ta da gudu. Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai, jininta kuma ya ƙone, sai an yi ƙari. Aka gwada mu. Nawa ya dace da nata, na baffan ma ya dace. Ma'aikaciyar ta dube ni don na fi shi alamar ƙoshi, ni kuwa na ja da baya na ce a ɗebi nasa. Ba zan iya bari a ce har jinina na zuba mata ba. Ya kwanta aka ɗiba, ya tashi jiri na ɗibarsa, Alhaji ya sayo masa madara da tsire. Ya karɓa.

Kwanakin da ta yi ba ta san inda take ba, kullum ina kai abinci. Kakar takan ci. Baffan ba ya taɓawa, sai dai ya sayi ƙosai a bakin ƙofar asibiti. Ban shiga ɗakin da take ba, a baranda nake tsayawa in miƙa wa Malama kwano, don ina tsoron ta buɗe ido ta gan ni ta sake kiran sunana gaban mutane. Wata safiya Malama ta fito tana murmushi ta ce ta farka, ta nemi koko, har ta yi wa kakarta tsiwa don bai ji sukari ba. Na zauna a kan dakalin baranda na yi kuka har wata mai jinya ta zo tana ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Ranar da aka sallame su baffan ya zo wurin Alhaji ya yi godiyar mota da ɗawainiya. Ni kuwa ya ce mini, "Allah ya sa iyakarsa ke nan." Ban san ciwon yake nufi ba ko ni.

Abin da Alhaji ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. A ƙauyen magana ta zauna cewa na tsallake ta ta tashi. Ruwan da aka ƙara mata da allurai da jinin baffanta ba wanda ya lissafa su. Mutanen ƙauyen kuma suna cin kasuwa ɗaya da mu. Ba a yi wata guda ba na fara ganin alama. Maƙwabciyata da 'yarta take yini a gindin kekena ta daina barinta shigowa. Da na tambaya ta ce ai an sa ta Islamiyya ne, alhali ina jin muryar yarinyar ta bayan katanga. Wata mai jego da na ɗinka wa kayan suna ta aiko a karɓa, ba ta gayyace ni ba. Ɗinkin salla da yake yi mini yawa har in mayar da wasu, a shekarar sai da na zauna ina jiran mai sallama. Ba wanda ya taɓa faɗa mini a ido. Da an faɗa da na sami abin amsawa.

Ni ma na canza. In aka miƙo mini jariri a gidan biki sai in ce hannuna da maiƙo. Na daina cewa yaron wani ya yi kyau ko ya yi ƙiba. In na ji yaro a unguwa ya kwanta ciwo, sai in shiga lissafin yaushe rabon da in gan shi, na taɓa shi ko ban taɓa ba, na ba shi wani abu ko ban ba shi ba. In na ji hayaniya a ƙofar gida sai in ɗauka don ni aka zo, ko da masu tallan itace ne. Akwai ranar da na tsaya gaban madubi ina duba idona. Na san ba ni da komai, amma na duba.

Malamin unguwarmu, da Alhaji ya kai masa maganar, ya yi wa'azi a kan ƙazafi bayan sallar asuba ba tare da ya ambaci kowa ba. Yayyena mata suka riƙa zuwa da jikokinsu da gangan, su baje a tsakar gida, su ci tuwona, su fita ana gani. Wannan ya taimaka. A hankali wasu suka dawo da ɗinki. Wasu har yau ba su dawo ba, in mun haɗu a hanya gaisuwa ce daga nesa.

Ƙungiya ta zauna a kan abin da ya faru. Malama ta zo ta ce sun yanke shawara za su ba wani nauyin yarinyar, ni kuma in ina so a ba ni wani yaro a cikin gari. Na ce a'a. In na janye yanzu, cewa za a yi na ga ba ta ciwu ba ne na koma wani wuri. Kuma ban ga laifin da ta yi ba da za a sauya mata hannu. Na ci gaba da bayarwa duk wata, amma na ce kada a sake ambatona a gidansu, a ce daga ƙungiya ne kawai. Ban sake ɗinka mata ko ɗankwali ba. Ban sake taka ƙauyen ba.

Shekaru suka wuce a haka. Ta gama firamare, ƙungiya ta samo mata gurbi a makarantar 'yan mata ta kwana. Kakarta ta rasu tana aji biyu, na yi mata addu'a daga ɗakina, ban je gaisuwa ba.

Bara, ranar da aka ba su hutu, ina cikin kicin na ji sallamar Malama, da wata murya a bayanta. Na fito na ga budurwa doguwa cikin farin hijabi, riƙe da jakar makaranta. Malama ta ce ita ta nace, ta ce ba za ta hau motar ƙauye ba sai an kawo ta. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Na amsa daga inda nake tsaye, hannuwana a bayana.

Suka zauna. Na kawo ruwa na ajiye a gaban Malama, ita ta miƙa mata. Muka yi 'yar hirar makaranta, ta ce lissafi ne yake ba ta wuya, abincin makarantar kuma wake ne kullum. Can ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, wai da gaske ne ni na kira sunanki?"

Na ce da gaske ne.

"Ni ban tuna komai ba. Inna ce ta faɗa mini kafin ta rasu. Ta ce in na girma in zo in ba ki haƙuri, ta ce ita ta roƙe ki."

Na ce ba ta yi mini komai ba, ciwo ne, kuma Allah ya ji ƙan Inna. Na tambaye ta baffanta ya san ta zo? Ta ce bai sani ba, amma za ta faɗa masa in ta isa. Na ce kada ta faɗa. Ta ce za ta faɗa.

Dambu na yi ranar. Na yi ta jan ƙafa wajen zubawa, ina fatan su ce sauri suke yi. Malama ta ce ita fa yunwa take ji. Na zubo, yarinyar ta wanke hannu ta ci sosai, ta ce a ƙara mata yaji. Kafin la'asar Malama ta raka ta tasha.

Washegari da sassafe na kira Malama na ce ta bincika mini ko ta isa lafiya, ko ba ta kwana da ciwon ciki ko ciwon kai ba. Ta ce lafiyarta ƙalau. Na sake kira jibi, na sake kira gata. A kira na ƙarshe Malama ta ce, "Hajiya, yarinyar nan tana gona tana taya baffanta cirar wake. Ki kwantar da hankalinki." Na ce to. Sai da aka koma makaranta, Malama ta gan ta da idonta ta zo ta faɗa mini, sannan na daina tambaya.